Tulun kaka da randarta: yaya ake gane inda aka gina kayan ƙasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Jega. Kakarmu ta wajen uwa ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. A cikin abin da ta bari akwai wani tulu da wata randa da aka ce tun na aurenta ne, kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Tulun ja ne mai siririn wuya, jikinsa yana ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya, a kafaɗarsa akwai zane irin na igiya. Randar kuma baƙi-baƙi ce, ba ado ko kaɗan. Babu suna ko wata alama a jikinsu. Mahaifiyarmu ta ce daga Gummi aka kawo kaka, amma wata maƙwabciyarmu ta rantse tulun aikin Nufawa ne, wani mai sayen tsofaffin kaya kuma ya ce na Zuru ne, har ya taya. Ta yaya zan gane ainihin inda aka gina su?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya kyautata makwancinta. Abin da kike nema shi ne hanyar gane asalin kayan ƙasa da aka gina da hannu, ba hatimi ba rubutu, bayan mutum uku sun ba su asali uku. Na daɗe a aikin auna tukwane da rubuta bayaninsu, kuma mafi yawan abin da na sani a gaban magina na koye shi, a ƙasar Kabi da Zamfara. Tun yanzu zan gaya miki cewa daga bayanin baki kaɗai babu mai gaskiyar da zai yanke miki sunan gari. Sai dai tulun da randar suna ɗauke da shaidu da yawa a jikinsu, ke da suke gabanki kuwa kin fi kowa damar duba su.

A fara da raba abin da ake nufi da asali, don daga nan gardama take tasowa. Akwai inda aka haƙo yumɓu, akwai gidan da maginiya ta koyi gini, akwai kuma kasuwar da aka yi ciniki. Wani lokaci duka ukun a wuri guda suke, wani lokaci kuwa kowanne da inda ya nufa. Yarinya ta koyi gini a hannun uwarta a wani ƙauyen ƙasar Anka, aure ya kawo ta ƙasar Jega, ta ci gaba da gini irin na gidansu amma da yumɓun fadamar garin mijinta, ɗan kasuwa ya ɗora wa jaki ya kai wata kasuwar ya sayar. Wanda ya ce tulun na Anka ne bai yi ƙarya ba, wanda ya ce na Jega ne ma haka. Kuma mutane suna tashi gari guda. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, dubban mutanen bakin Kwara a ƙasar Yauri sun koma sababbin matsugunai, da maginansu da komai. Yau ma rashin tsaro ya taso ƙauyuka da dama a Zamfara, na kuma ga mata magina suna gini a wuraren da suka yi gudun hijira da yumɓun da ba su saba da shi ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ado, don shi ido yake fara gani, shi ne kuma ya fi saurin yawo. Maginiya ta ga zanen da yake tafiya a kasuwa, kasuwa mai zuwa ta zo da irinsa. Yadda ake tayar da jikin tukunya kuwa tun tana ƙaramar yarinya ya shiga hannunta, da wuya ta sake shi har tsufa. Kamar Bakaben da ya daɗe a Kano ne, ya sa hular Kanawa ya yi ɗinkin Kanawa, amma da ya buɗe baki ka san daga inda ya fito. Saboda haka ni idan aka kawo mini tukunya, cikinta da gindinta nake fara dubawa, ado sai daga ƙarshe.

Ki fara da ciki da gindi

Ki fitar da su fili da rana, ki shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma, ki kwantar da su a hankali. Ki kunna fitilar waya ki haska cikin ta gefe, yadda hasken zai kwanta a bangon, don a haka ne kowane tudu da kwari yake fitowa. Randar ki zura hannu ki shafa tun daga gindi har baki, idonki a rufe ma ya fi.

Idan kika ji cikin cike da 'yan ramuka zagayayyu masu hawa kan juna, bangon kuma siriri ne daidai wa daida, ba wani mahaɗi sai a wuya, to dukan rami aka yi mata. Magini yana zama a gaban ɗan ramin da aka gyara a ƙasa, ya sa curin yumɓu, yana dukansa ta ciki da wani gasasshen dunƙule mai mariƙi da suke kira dundunge, yana juya shi har ya zama ƙwallo mai rami. Wasu suna shimfiɗa tabarma ko buhu a ramin, sai saƙar ta fito a bayan tukunyar, ki duba ko akwai wannan. Wannan hannu ya fi ƙarfi ta arewa, wajen Adar da Gobir da Sakkwato, kuma a Sakkwato an daɗe da sanin Adarawa maza da ginin tulu ta wannan hanya. Tulunansu sukan yi rashin nauyi har mutum ya yi mamaki in ya ɗaga.

Idan kuwa rabin ƙasa na cikin sumul yake, da ɗan alamar toka ko lallausan yashi manne a jiki, sannan daidai inda cikin ya fi faɗi kika ji kauri ya zagaye kamar ɗamara, to kifi aka yi. An kifa tsohuwar tukunya, an barbaɗa mata toka don kada yumɓu ya kama, an shimfiɗa yumɓun a kanta ana bubbugawa, da ya sha iska aka cire aka juyo shi, aka ci gaba da ɗora murɗaɗɗen yumɓu har baki. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa a hannun mata a ƙasar Hausa, Nufawa ma suna yin ta. Don haka idan ita kika samu, ta rage miki wasu wurare amma ta bar miki fili mai faɗi.

Hanya ta uku ita ce a huda curin yumɓu a riƙa jawo bangon sama da yatsu, maginiya tana zagaya tukunyar da ƙafarta tana ƙara yumɓu. Wannan yakan bar sawun yatsu a tsaye ko a karkace ta ciki, da gindi mai kauri. Da ita aka san matan Gwari. Idan kuma kika ga layuka sirara a jere sun zagaye cikin kamar an ja su da ma'auni, gindin a baje, to aikin injin juyi ne, ba ginin gargajiya ba, amma ban sa ran za ki ga haka a kayan kaka.

Abin da yumɓun yake faɗa

Ki nemi inda bakin ya ɗan ɓalle da kansa, kada ki ɓalla da gangan. Ki goge wurin da ɗanyen tsumma, ki ɗauki hoto kusa-kusa ki buɗa shi. Abin da kike nema shi ne tsakuwoyin da ke cikin naman tukunyar.

Ƙasarmu iri biyu ce. Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu da Jega suna kan shimfiɗar yashi da laka da ruwa ya tara tun zamani mai nisa, don haka yashin da ke cikin yumɓunsu yakan zama lallausa, gefensa a goge. Zuru da Yauri da Anka da Maru da Gusau da Kwatarkwashi da Tsafe kuwa ƙasar duwatsu ce, yumɓunsu daga ruɓewar dutse yake fitowa, shi ya sa za ki ga fararen tsakuwoyi masu kaifin gefe da ɓarɓashi mai walƙiya. Wannan ɓarɓashin shi ne ƙyallin da kika gani a tulun, ma'adini ne da ke cikin dutse, ba zinariya ba ne.

A nan sai an yi hattara da abu biyu. Ki duba ko ƙyallin ya ratsa har cikin naman tulun, ko a fatar waje kawai ya tsaya. Idan a waje ne kawai, shafe ne: magina suna sayen ƙasa mai ƙyalli su dama ta su shafa kafin gashi, irin wannan ƙasar kuwa a ƙulli ake yawo da ita kasuwa-kasuwa, ba ta nuna inda aka yi gini. Idan ya ratsa ciki, yumɓun yana da alaƙa da ƙasar dutse. Duk da haka kada ki yi saurin cewa Zuru. Gulbin Zamfara daga ƙasar duwatsu ya taso, ya bi ta Anka da Gummi ya zo ya wuce ta Jega, yana ɗauke da wannan ɓarɓashi yana zubarwa a fadamu. Bambancin shi ne wanda ruwa ya ɗauko daga nesa yakan zama ƙanana ƙwarai kamar ƙura, wanda aka haƙa a gindin dutse kuwa manya-manya ne har ki iya ɗaga ɗaya da farce, tare da tsakuwa mai kaifi.

Sai abin da aka haɗa yumɓun da shi don kada ya tsage a wuta. Wasu garin tsingaro suke dakawa su zuba, za ki gan shi ja-ja ko ruwan ƙasa a cikin naman. Wasu ƙaiƙayi, wasu buntun shinkafa, wasu busasshen kashin jaki. Waɗannan ukun na ƙarshe suna ƙonewa a wuta su bar 'yan ƙofofi dogaye, ta nan ruwa yake tsattsafowa iska ta busar da shi, abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan. Kowane gidan magina da haɗin da ya gada, kuma tsohuwar maginiya takan gane haɗin maƙwabtanta da kallo ɗaya.

Launi kuwa kada ki dogara da shi. A fili ake gasa kayanmu, a matoya, da kara da itace da ciyawa da kashin shanu, zafin yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900. Inda iska ta samu shiga sai ya fito ja, inda hayaƙi ya lulluɓe sai ya yi baƙi, shi ya sa tukunya ɗaya takan fito da dabbare-dabbare. Wasu suna turbuɗe ta da ƙaiƙayi ko ɗanyen ganye da gangan don ta yi baƙi, wasu su yayyafa mata ruwan makuba ko na bagaruwa tana da zafi. Baƙin randarku labarin yadda aka gasa ta yake bayarwa, da shekarun da ta yi a ɗaki mai hayaƙi.

Zancen Nufawa da zancen Zuru

Zanen igiyar da ke kafaɗar tulun, murɗaɗɗen zare ne ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu. Tun daga Senegal har Chadi ana yinsa, an kuma daɗe ana yi shekaru dubbai, don haka shi kaɗai ba ya nuna kowa. Aikin Nufawa na wajen Bida yana da cikar ado: layuka a jere sun cika jiki, an karce an goge har yana sheƙi, launin ya yi duhu, yawanci da wuya mai hawa-hawa, wasu ma an gina su ne don a jera wani kan wani a ɗakin amarya. Kayan Nufawa sun shigo ƙasar Yauri ta jiragen ruwa, ba abin mamaki ba ne a same su a Jega. Amma jan tulu mai zane layi ɗaya a kafaɗa, kamar yadda kika siffanta, bai yi mini kama da su ba.

Na Zabarmawa kuwa, da suke shigowa ta wajen Kamba da Dole Kaina, farin shafe da zanen ja da baƙi ne alamarsu, irin wanda aka san garin Bubon na kusa da Yamai da shi. Na Gwari suna da zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye a karce, irin na Ladi Kwali da hotonta ke bayan takardar naira 20. Ita a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature magini, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma kayan wannan cibiya suna cikin 'yan kaɗan da za ki samu da hatimi: sunan Abuja da harafin Larabci, da haruffan sunan wanda ya gina. Maginan karkara ba su sa suna, sai dai wata ta ɗan yi tsaga biyu ko uku a wuya don ta gane nata idan an haɗa gashi da maƙwabta. Ki duba wuyan randar da kyau, irin wannan alama takan ɓuya a ƙarƙashin datti.

Zancen Zuru yana da ɗan tushe, tunda ƙyallin ya dace da ƙasarsu. Amma ki lura da bakin da ya fito. Sunan Zuru yana da daraja a wurin masu fataucin tsofaffin kaya saboda tukwanen kabari na Dakarkari, wato Lelna, waɗanda matan wasu gidaje na musamman suke ginawa, da siffar mutum ko dabba a saman tukunya, ana ɗora su a kan kabarin manyan mutane kamar sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa. An sace da yawa daga cikinsu an fitar waje, abin da yake ƙona mini rai, don kayan mamatan mutane ne. Tulun ɗiban ruwa ba ya cikin wannan sahu. Mai saye yana iya laƙa masa sunan Zuru don ya ƙara masa kuɗi a gaba.

Idan kika ce in faɗi inda zuciyata ta fi karkata, maganar mahaifiyarku ce. A wancan zamani kayan ɗakin amarya a kasuwar kusa ake haɗa su. Randa tana da nauyi ga saurin fashewa, ba a cika yin doguwar tafiya da ita a kan jaki ba, har yana yiwuwa a Jega aka saye ta bayan an kawo amarya. Tulu ya fi ta yawo, yana iya fitowa daga ko'ina a bakin Gulbin Zamfara ko ƙasar duwatsun da ke gabas da kudu da Gummi. Kada ma ki ɗauka hannu ɗaya ne ya gina su. Wannan hasashe ne, abin da kika gani a ciki da gindi yana iya rushe shi.

Shekarunsu

Tunda kun san lokacin auren, kun riga kun fi yawancin masu tambaya sa'a. Abin da ya rage shi ne ki tabbatar kayan sun yi daidai da labarin, don sau da yawa randar aure takan fashe a maye gurbinta da wata, sunan ya bi sabuwar. Randar da ta yi shekara 60 ko 70 tana aiki za ki ga bakinta ya side ta gefen da moɗa take gogawa, gindinta ya cinye inda take zama, ga farin dattin ruwa ya kama cikinta. Tulu kuma wuyansa yakan yi santsi inda hannu ke kamawa, gindinsa ya goge daga zama a kan gammo da bakin rijiya. Fentin kanti a jiki alamar kwanan nan ce, ko kuma daga baya aka shafa.

Akwai gwaje-gwajen kimiyya. Ana yanka ɗan tsingaro siriri a duba duwatsun cikinsa da madubin ƙara girma, ana kuma auna sinadaran yumɓu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da cibiyar makamashi da ke irin wannan awo. Amma awon ba ya furta sunan gari, sai an sami yumɓun wuraren da ake zato an kwatanta. Gwajin da ke nuna lokacin da aka gasa tukunya kuma sai an huda ta, ga tsada, kuma an fi buƙatarsa ga kayan da suka yi ɗaruruwan shekaru, irin waɗanda aka tono a Yelwa kafin ruwan Kainji ya cika. Ga tulun kaka ban ga amfaninsa ba.

Waɗanda za ki tambaya

Wannan ya fi duk abin da na lissafa gaggawa. Idan akwai ƙanwar kaka ko ƙawarta ko kishiyarta da ke raye, ki je ki zauna da ita a wannan satin. Kada ki ce mata "Inna, wannan na Gummi ne ko?", don tsofaffi sukan amsa da to saboda kara. Ki ce "Inna, lokacin aurenku a ina ake sayen tulu? Su wa suke ginawa? Maza ne ko mata?" Ki bar ta ta yi ta zuba, ki ɗauki muryarta a waya da izininta.

Bayan nan ki shiga kasuwar Jega wajen masu tukwane, ki nemi wadda ta fi tsufa a cikinsu, in da hali wadda take gini da hannunta ba mai sari ba. Na sha ganin yadda suke yi: ba ta ko kallon adon, sai ta ƙwanƙwasa da yatsa ta saurara, ta zura hannu ta shafa mahaɗin, ta murza bakin tsakanin babban yatsa da manuni, sannan ta ce wannan bakin na mutanen wuri kaza ne, mu ba haka muke naɗe shi ba. Naɗin baki da ɗaurin wuya suna cikin abubuwan da suka fi bambanta gida da gida. Ki tambayi biyu ko uku daban-daban, kada ki gaya wa wata abin da wata ta ce. Idan wani naku zai je Gummi, a ba shi hotunan ya yi haka a can. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, yana da tsofaffin kayan ƙasar Kabi da za ki kwatanta, gidan tarihi na Jos kuma yana da tarin tukwane daga sassan Najeriya da bayanin inda aka samo su.

Game da mai saye, shawarata ki dakata. Kayan amfanin gida irin waɗannan kuɗinsu a kasuwa kaɗan ne, da zarar sun bar hannunku kuma labarinsu ya yanke, kamar yadda ya faru da gumakan ƙasar da aka haƙe a wajen Kwatarkwashi aka fitar ba tare da an rubuta ko daga wane rami suka fito ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba, ta kuma sa kayan da aka yi kafin 1918 a wannan sahu. Na kaka a lissafinki ba su kai nan ba, amma idan bincike ya nuna ita ma gadonsu ta yi daga uwarta, sai ki tuntuɓi hukumar kafin kowace magana ta ciniki.

Kafin nan kada ki wanke su da omo, kada ki shafa musu mai ko fenti, kada ki toshe tsaga da siminti. Busasshen tsumma ya isa. Ki ɗora su a kan gammo a inda yara da awaki ba sa kaiwa, kada a ɗaga tulun ta wuya. Ki rubuta sunan kaka da garinsu da shekarar aure da duk abin da tsofaffi suka faɗa a takarda, ki sa a leda ki ajiye a cikin tulun. Idan za ki turo mini hotuna, ina son na gefe da na baki da na gindi, da na ciki da hasken fitila ta gefe, da na wurin da ya ɓalle kusa-kusa, ki ajiye kwalin ashana a gefen kowanne don in gane girmansu.